Kayan Aro

Minti goma suka ba ni.
Na fara kashe su tun a bas, daga Foleshill zuwa asibitin unguwa,
ruwan Coventry na bin gilashi a hankali
kamar baƙon da ke jin nauyin sallama.
A aljihun rigar sanyi, cikin safa ɗaya da ta rasa 'yar'uwarta,
kwalabe uku ƙanana na karo da juna,
suna tona ni tun ban buɗe baki ba.

Na shirya ƙaryata tsaf, na goge ta kamar takalmin Juma'a:
wani abokina ne, Dakta, shi ke tambaya.

Allo ya haska: Haladu Maikano, ɗaki na huɗu.

Dakta Pillai, 'yar mitsitsiya, furfura a goshi,
ta dubi kafaɗun da suka cika mata kujera,
ta dubi ƙurajen da suka haura wuyana,
ta yi shiru.
Abokin nawa ya mutu a maƙogwaro.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,
na zazzage safa a tebur.

Shekara nawa? Uku da 'yan kai.
A ina? A cinya, Litinin da Alhamis,
ranakun da mahaifiyata ke azumi.
Wa ke ba ka? Wani Kieran, a gefen gidan ɗaga ƙarfe,
daga but ɗin mota, kuɗi hannu, ba rasit.
Ya ce kowa na yi. Na tambayi madubi, ya goyi bayansa.

Ban gaya mata yadda na sauka ƙasar nan ba,
siriri kamar tsinken tsire,
ina jan kwalaye a sito daga goman dare har asuba,
ba mai sanin sunana sai na'urar buga kati.
Ƙarfe ne kaɗai ya amsa gaisuwata.

Amma na faɗi sauran.
Wata huɗu da na daina allura,
jikin ya zama gidan da 'yan haya suka tashi.
Barci ba daɗi, farkawa ba dalili.
Barira na kwana da fuska a bango,
ta ɗauka laifinta ne,
ga Ummulhairi ta cika biyar, kullum tana cigiyar ƙane.

Sai na roƙa: rubuta min na halal, Dakta,
testostiron mai hatimi, na kantin magani,
ko na miƙe.

Ta ajiye biro.
Ta ce, jikinka masana'anta ce.
Da ta ga kaya na shigowa ta ƙofar baya
sai ta sallami ma'aikata, ta kashe wuta.
In na ƙaro na waje yau, ba za ta kunna ba,
ƙanen da ake jira kuma ya ƙara nisa.
Mu fara da jini, da sassafe, kafin ka karya,
sau biyu, da makonni a tsakani.
Mu duba hanta, mu ga kaurin jini, mu saurari zuciya,
ita ma tsoka ce, ta sha abin da ka sha.
Wataƙila jikin ya farfaɗo da kansa,
wataƙila in tura ka wajen ƙwararre.
Ban yi maka alkawari ba.
Kai dai kar ka koma bakin but.

Ta kawo maɗaurin awon jini,
bai zagaye damtsen ba, sai da ta nemo babba.
Bara da na ba da labarin nan ina dariya.
Yau na bi lambobin da ido suna hawa
kamar kuɗin haya.

Kakata kan ce kayan aro ba ya rufe katara.
Ni kuwa a katarar na riƙa zuba aron.

Minti goma sun zama sha bakwai, ba ta dubi agogo ba.
Na fito da takarda ɗaya da safa wayam,
na tsaya a rumfar bas
ina rubuta wa Barira saƙo, ina gogewa, ina sakewa.
Can na tura: yau ba zan je aiki ba, akwai magana.

Alamun nan biyu suka yi shuɗi.
Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta gaji, ta tafi.
Ina nan tsaye, waya a hannu,
tana nuna min Barira na rubutu.